Ɗan Lamarin Malam Hambali

Duk wanda ya taɓa zama a dakalin ƙofar gidan Malam Hambali a Gwale ya san lacca ɗaya gare shi, kuma ba ya gajiya da ita. Tsohon mai fassara labarai ne a gidan rediyo, tun zamanin da ake turo labarai da Turanci a doguwar takarda, shi kuma ya juya su zuwa Hausa kafin a karanta wa jama'a.

"Kalma ɗaya ce ta riƙe mu a wancan zamanin," in ji shi, yana gyara tabarau. "Incident. Kasuwa ta ƙone ƙurmus, incident. An buɗe wuta a kan ɗalibai, incident. Jirgin ƙasa ya kauce, an sace akuyar wani babba, duk incident. Ni kuwa sai in ce 'an sami wani ɗan lamari'. Shi ke nan, kowa ya ci tuwonsa hankali kwance. Ai gwanintar ke nan, kada ka tayar wa mutane da hankali."

Sai 'yan dakali su ce, "Kai, Malam, ku kun yi aiki!" Sun san in ba su faɗa ba, daga farko zai sake ɗaukowa.

To, wata ranar Talata matarsa Zaituna ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, baki ya karkace. Da aka kai ta asibiti, likita bai yi musu kwana-kwana ba, ya ce duk wanda take son gani a kira shi yanzu. Wadda take son gani kuwa kowa ya sani, 'yarsu ce tilo, Bahijja, da ke aiki a Fatakwal.

Uwani, ƙanwar Zaituna, ta ciro wayarta. Malam ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota.

"Uwani, isar da labari sana'a ce. In ke kika faɗa mata, a titi za ta zube. Bar min."

Sana'a dai! Ya gyara murya yadda ya saba, ya kira.

"Baba, lafiya kuwa?" in ji Bahijja.

"Lafiya lau. An dai sami ɗan lamari, Ummanki ba ta ɗan jin daɗi. Amma likitoci suna shawo kan al'amarin."

"In nemi hutu in taho?"

"A'a, a halin yanzu babu abin fargaba."

"To ba ni ita mu gaisa."

"Tana barci."

Barcin me? Idonta biyu, a kan ƙofar ɗakin asibitin ta kafe su. Shi kuwa gogan ya mayar da waya aljihu har yana jin daɗin yadda "a halin yanzu" ta zauna daram a jimlar.

Kada wani ya ce mugu ne. Tsoro yake ji. Tun yana saurayi yake tare da matar nan, kuma a ransa gani yake muddin bai furta abin da bakinsa ba, to bai faru ba. Haka ya yi wa Kano gaba ɗaya shekara da shekaru, har ana ba shi lambar yabo.

Laraba ta wuce da "ana samun ci gaba". Alhamis ta wuce da "lamarin ya lafa". Uwani tana cizon yatsa, amma a gidan nan ba a tsallake maigida.

"Malam, yau kuma me za a watsa?" ta tambaye shi. "Ko sai an kai Yaya makwancinta za ka ce an ɗan sauya mata ɗaki?"

Ya ce mata ba ta san aiki ba.

Da safiyar Juma'a numfashin Zaituna ya sauya. Uwani ba ta nemi izinin kowa ba, ta danna lambar Bahijja, ta cusa masa wayar a hannu.

"Ga ta nan. Ka faɗa mata da Hausar da aka haife ka da ita, ko ni in faɗa."

Muryar rediyon nan ta gudu ta bar shi. "Bahijja," ya ce, "Ummanki tana mutuwa. Taho."

Jirgi bai san da wannan gaggawar ba. Kafin azahar Zaituna ta cika, bayan an sauko daga masallaci aka yi mata salla aka kai ta, don ba a ajiye gawa jiran matafiyi.

Gab da magariba a-daidaita-sahu ya sauke Bahijja a bakin lungu. Ta ga tabarmi a shimfiɗe, ta ga makara jingine da bango. Ba ta yi ihu ba. Ta ratsa maza har gaban mahaifinta, ta durƙusa.

"Baba, ta neme ni?"

'Yan dakali suka sunkuyar da kai. Malam ya buɗe baki, jimloli masu laushi suka yi layi a harshensa, kowace tana neman a ɗauke ta. Ya haɗiye su duka.

"Ta neme ki," ya ce. "Maganarta ba ta fita, sunanki kaɗai muke ganewa. Tun ranar Talata take kiransa."

Bahijja ta dube shi har sai da ya kawar da ido. Sannan ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta shige wurin mata.