Yaren da Malam Badaru ya tuna

"Zainaba, saurara ki ji. Mi shika cewa?"

Atika ce ta riƙe hannuna a ƙofar ɗakin mijinta. Malam Badaru baduku, maƙwabcinmu a Ƙofar Kware, yana kwance a kan katifa, kwana tara ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Da farko bakinsa ya rufe. Ran nan da hantsi ya buɗe, amma abin da ke fitowa ba Hausa ba ne, ba kuma Larabci ba.

"Nne," yake ta faɗa. "Nne, chere m."

Babban ɗansa Abdulrasheed yana durƙushe a gefensa, yana laƙƙana masa kalmar shahada. Tsohon bai ko dube shi ba. Idonsa na kan ƙofa, hannunsa mai lafiya yana miƙewa kamar zai kamo wani abu.

"Inna, a kira malam ya yi tofi," in ji Abdulrasheed.

"Ba iska ba ce," Atika ta ce. Ta zauna a bakin katifar. "Yaren uwa tai ne."

A nan ta faɗi abin da ta riƙe shekara arba'in. A shekarar da sojoji suka kashe shugabanni, aka ce an soke mulkin yankuna, komai zai koma hannun Ikko, gari ya rikice. Aka far wa 'yan kabilar Ibo, suka yi ta gudu. Sodangi, wanda duk unguwa ta sani a matsayin mahaifin Badaru, ɗan doka ne na En'e a lokacin. A tasha ya tsinci yaro ɗan shekara bakwai yana bin wata babbar mota da gudu, har ta ɓace masa. Ya lulluɓe shi da rigarsa, ya kawo shi gida.

"Da anka gama yaƙin basasa," in ji Atika, "an riga an haɗe 'yan doka da 'yan sandan tarayya. Anka tura Baba Sodangi can ƙasar Ibo, shekara biyu. Ya yi cigiya har ya gaji. Yaron bai san sunan garinsu ba."

Abdulrasheed ya miƙe, ya sake zama. "Ni ɗin fa? Ba a gaya mani ba?"

"Shi ya hana. Ya ce ku 'yan Sakkwato ne, kar wani ofis ya ce ku nemo takardar asali a wata jiha."

Na yafa mayafina na fita. A bakin titi akwai shagon magani na Madam Nkechi, 'yar kabilar Ibo wadda a garin nan aka haife ta bayan yaƙi, Hausarta ta fi ta wasu. Ban yi mata dogon bayani ba. Ta rufe shago, ta ɗaura kallabi, ta biyo ni.

Ta tuɓe takalmi ta durƙusa kusa da kansa, ta saurara. Sai ta ɗago ta dube mu.

"Cewa yake, Mama, jira ni. Ya ce takalminsa ne ya faɗi, ya koma ɗauka." Ta share ido da bayan hannu. "Ya ce sunansa Uchenna."

A waje mai ruwa yana tura kurarsa, jarkoki na karo da juna.

"Madam," Abdulrasheed ya ce da muryar da ban san shi da ita ba, "don Allah ki gaya mashi wani abu. Kar shi tafi cikin wanga hali."

Ta kama hannun da ke miƙewa, ta yi masa magana a hankali, irin yadda ake lallashin yaro. Daga baya na tambaye ta abin da ta ce. Ta ce, "Na gaya masa motar ta tsaya. Na ce ba wanda zai tafi ya bar shi."

Numfashinsa ya lafa. Ya ɗauke ido daga ƙofa, ya dubi matarsa, ya dubi ɗansa. Abdulrasheed ya sunkuya ya sake laƙƙana masa shahada, wannan karon leɓen tsohon ya bi shi har ƙarshe. Kafin kiran azahar ya cika.

Bayan la'asar maza suka ɗauki makara. Mu mata muka zauna a tsakar gida a kan tabarmi, 'yan gaisuwa suna shigowa suna fita. Madam Nkechi ta dawo da yamma, ta tsaya a bakin zaure, ba ta san inda za ta zauna ba. Atika ta ɗago ta gan ta. Ta tattara zanenta ta matsa gefe. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, inuwar katanga tana rufe ƙafafunsu a hankali.