Ɗigon da Ya Ƙi Nutsewa

Har yau in Hambali ya ga tumatir yana yawo a kan ruwan kanal, sai ya sa ƙotar fartanya ya danna shi ƙasa. In ya taso, ya sake dannawa. Mutanen Kadawa sun daina tambayarsa dalili.

A da, Rijiya suke kiransa, saboda tun daga shekarar tamanin da biyu duk wanda aka nema wa jini, Hambali ne kan gaba. Sau shida yana bayarwa, kuma yana jin daɗin sunan nan fiye da kima, gaskiya dai a faɗe ta. Na shidan wani direban motar tumatir ya ba, Sammani, wanda ya kife a hanyar Zariya. Ko saninsa bai yi ba.

Bayan sati biyar matar Hambali, Iyatu, ta haihu da hantsi, jini ya ɓalle mata. Da aka kai ta asibiti a birni aka ce a kawo jini, Hambali bai ma aika ƙauye ba. Me zai sa a ɗaga hankalin dangi, ga Rijiya a tsaye?

Malamin gwaji ya soke masa yatsa, ya ɗiga jinin cikin wata kwalba mai shuɗin ruwa. Hambali ya san abin: jini mai ƙarfi ƙasa yake tafiya. Nasa kuwa ya tsaya a sama, ja wur, yana lilo.

“Yaushe rabonka da bayarwa?” in ji malamin.

“An ɗan jima.”

Malamin ya kalli tabon allura a hannunsa, ya ja masa fatar ido, ya ga fari fat. “Kana fitsarin jini?”

“Haba malam, tsargiya ai ba ciwo ba ce. Wa ke shiga kanal bai da ita?”

“Ita take shanye ka. Ga shi ba ka cika wata uku da bayarwa ba. In na ɗiba, gado biyu za mu shimfiɗa.”

Hambali ya roƙa, ya rantse, ya miƙa ɗaya hannun. Sau uku ana ɗigawa, sau uku ɗigon yana tsayawa. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Sai a lokacin ya nemi mota zuwa Bunkure don ɗauko yayyen Iyatu. Sun iso bayan la'asar, suka tarar an lulluɓe mata fuska.

Jaririyar ta rayu, an mayar mata da sunan uwarta.

Abin da ya fi ci masa rai, Sammani mutumin kirki ne. Ya warke sarai, har ya yi ƙiba. Duk ranar da ya zo lodi sai ya tsaya a bakin kanal, ya danna oda, ya sauko da goro da alewar yarinya.

“Yayana!” yakan ce, yana bugun ƙirjinsa. “Jininka ne fa a nan!”

Hambali yakan amsa da fara'a, don ba a ƙin mutum saboda ya rayu. Amma idonsa na kan jijiyar wuyan Sammani, yana kallon yadda take harbawa. Yau yarinyar, wadda ta fara wayo, ta ja masa riga.

“Baba, me kake kallo a wuyansa?”

“Rabon innarki,” ya ce a hankali, ya ɗauki fartanyarsa ya koma bakin ruwa.