Taƙi Ɗaya a Tsakiyar Titi

Ƙarfe tara na safe da 'yan mintoci Auta ta kira yayanta daga asibiti. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Yaya, ka taho yanzu. Inna ta farfaɗo, kai take ta kira. Likita ya ce duk mai zuwa ya zo."

Yayan nata, Mai Igiya, ya san abin da likita ke nufi da irin wannan magana. Matarsa ta riga ta tafi aiki, maƙwabta kowa ya kama gabansa. Ya ja jiki daga gado zuwa keken guragun da yake kai shekara huɗu ke nan, tun da ya faɗo daga saman gini. Ya jefa waya a aljihun gaba, ya fita ko ƙofa bai ja ba.

Abin takaicin, asibitin ba nisa gare shi ba. Daga bakin lungunsu ana hango tagogin hawa na biyu inda aka kwantar da tsohuwar. Titi ɗaya ne tsakani, mai hannu biyu, da dakalin kankare a tsakiya ya raba masu tafiya da masu dawowa. Mai ƙafa minti biyu ya ishe shi. Akwai gadar sama, matakala arba'in da biyu. Wanda ya zana ta da alama bai taɓa ganin gurgu ba sai a hoto. Shi kuwa Mai Igiya kullum sai ya bi gefen kwalta har shataletale inda dakalin ya ƙare, ya zagayo. Minti arba'in ke nan, in motoci sun yi masa kara. Yau ba shi da minti arba'in.

Tasi uku ya tsayar. Kowane direba ya rage gudu, ya ga keken, ya tuna yana da uzuri.

Sai ya nufi farin zanen da masu ƙafa ke tsallakawa. Danja ta tsayar da motoci, ya tura tayoyi da iya ƙarfinsa, ya ci rabin titi. Ƙananan tayoyin gaba suka daki dakalin, keken ya tsaya cak. Tsayin dakalin taƙi ɗaya ne, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Bai buƙaci a gaya masa ba, don shi ya auna shi.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shi ne shugaban maginan da suka zuba wannan kankare. A takardar zane, daidai wurin tsallakawa, an nuna a kwantar da dakalin ya yi daidai da kwalta. Ya duba, ya yi tsaki, ya ce hannun mai zanen ne ya goce. Shi da ake kira Mai Igiya don ba ya yarda a ɗora bulo sai an ja igiya, shi ne zai bar giɓi a aikinsa kamar bakin tsoho? Ya ja igiyarsa sambal daga shataletale har ƙofar asibiti. Injiniya ya zo ya sa hannu ko daga mota bai sauko ba. Inna kuwa, ko jiya da take iya magana, sai da ta nuna wa ma'aikaciyar jinya titin ta taga, ta ce, "Kin ga layin nan? Ɗana ne ya ja shi."

Danja ta saki motoci. Hon ya taso masa ta ko'ina. Wata babbar mota ta wuce har iskarta ta kaɗa masa riga, direban ya leƙo ya ce, "In mutuwa kake nema, ka nemi wata motar."

"Bawan Allah, taimaka ka ɗaga ni," ya ce da wani mai jaka da ya tsallako a guje. Mutumin ya laluba aljihu, ya ce babu canji, ya wuce.

Tsoro ya kama shi, ba na motocin ba. Wayar tana ta ruri a ƙirjinsa, ba shi da hannun ɗauka. Ya ja baya, ya sake dukan dakalin, ya sake, har tafin hannunsa ya ɗaye.

Wata mai sharar titi ce ta yar da tsintsiya, ta kira mai sayar da jarida. Suka kama keken, ɗaya gaba ɗaya baya, suka ɗora shi a kan dakalin. "Baba, jira a tsayar da na can ɓangaren, mu sauke ka," in ji ta. Mai jaridar ya hango wani yana miƙo hannu ta tagar mota, ya ruga. Ita kaɗai ba za ta iya ba, ta tafi neman wani, shi kuma ya san in ya gangara da kansa, da fuska zai sauka.

A nan ya samu ya ciro wayar. Kira bakwai, duk na Auta. Ya kira ta.

"Auta, ga ni nan. Ina tsakiyar titi, ina ganin tagarku. Sa mata wayar a kunne."

Shiru, sai ƙarar motoci. Ya toshe ɗaya kunnen da hannunsa mai jini.

"Auta, kina ji na? Ki ce mata minti biyu."

"Yaya," ta ce, muryarta a kwance, "bi a hankali. Ba sai ka yi sauri ba."

Danja ta sake tsayar da motoci. Mutane suka ratsa ta gefensa, dama da hagu. Mai shara ta dawo da wani ƙaton mutum da ta roƙo, tana cewa, "To Baba, riƙe da kyau, yanzu za ka isa."

Bai riƙe ba. Ya sunkuya, ya kai hannu ya shafa gefen dakalin, hawaye na ɗiga a kan kankaren. Shekara goma sha ɗaya, ko tsaga ɗaya bai yi ba.