Ruwan Gindin Tsamiya

Ni Ya'u, shekara tara na yi ina kai wasiƙun En'e da ƙafa tsakanin Makarfi da Hunkuyi. Ba tafiya ba, gudu. A zuba takarda a jakar fata, a ce kafin azahar ta isa, ta kuwa isa. Mai ɗauke da wasiƙa ba ya tsayawa gaisuwa, kowa ya san haka, ko sa'an ubanka ka wuce hannu kawai za ka ɗaga. Daga baya aka sayo kekuna aka sallame mu, na koma Zariya gadin siton gyaɗa.

A hanyar nan, in ka haye fadamar rake, akwai tsamiya a ƙofar wani gida. Tun watana na biyu a aikin na soma tarar da ƙwaryar ruwa a gindinta, an rufe da faifai. Wata mata ce ke ajiyewa, nakan hango kanta ta saman danga. In sha, in kife ƙwaryar, in wuce. Rani da damina haka, shekara tara, ban taɓa ce mata sannu ba. Ko sunanta ban sani ba. A lokacin ban ɗauki abin a bakin komai ba. Sai da na zauna gadi, ƙafa ta huta, sannan ya soma cina. Mutum ya sha ruwanki shekara tara kamar jaki, ya tafi.

Shekara biyu da samun 'yancin kai aka ba ni hutun kwana bakwai bayan kaka, ya zo daidai da hutun makaranta. Na ce wa matata Sabuwa ta ɗaure kaya, za mu Dandamisa wurin yayana mu sha iska da yara. Ta ce mai ciwon gwiwa in ya samu hutu kwanciya yake yi. Na ce ba shawara na kawo ba. Na sayi turmin atamfa da goro na cusa a ƙasan akwati, ta gani, ba ta tambaya ba.

Babban ɗana Iliyasu shekararsa goma sha uku. Shi ya zo na ɗaya a tseren makarantarsu ranar bikin 'yanci, aka ba shi kofin silba da takalmin kambas, tun daga ranar ba a isa da shi ba. Yammacin da muka sauka yaran ƙauye suka ja shi langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗayar. Sau uku wani ɗan ƙanƙanin yaro ya bangaje shi ƙasa. Ƙanwarsa Ummuhani ta yi dariya har tana riƙe ciki, tana kiransa mai kofi. Ya dawo yana ƙunƙuni wai wannan ba wasan ƙa'ida ba ne. Na ce masa zagaya filin da aka share aka zana da farar ƙasa shi ma ba gudu ba ne, in yana son ganin gudu ya tashi da ni jibi.

Muna idar da asuba muka kama hanya, atamfa da goro na ɗaure a bayana. Na sa ya cire takalmin ya rataya a wuya. Na ce ido a ƙasa saboda ƙaya, taku gajere a kan kunya, baki a rufe. Da farko ya zabura kamar an koro shi, ya gaji, ya dawo bayana yana kwaikwayon takuna. Can sai na ji ƙafafunmu sun zama ɗaya. Karan dawa a jere a gonaki, ƙamshin mazarƙwaila na tashi daga inda ake matsar rake, komai yana nan yadda na bar shi. Na ɗan lokaci na manta shekaruna.

Gwiwar ba ta manta ba. A bakin fadama ta riƙe, na zauna daɓas. Na ce wa Iliyasu ya ci gaba, in ya ga tsamiya a ƙofar gida ya jira ni. Na sari kara na dogara, na bi shi ina jan ƙafa.

Da na isa na tarar da shi tsugune da ƙwarya a hannu, wata tsohuwa na zaune a tabarma gabansa, idanunta fari fat. Matar ɗanta, Adama, ta fito muka gaisa, ita ta gaya mini. Sunan tsohuwar Mairama, shekara huɗu da makancewa, hankalin ma yana zuwa yana tafiya. Kullum safiya sai ta sa an kai ruwa gindin tsamiya, in an ƙi ta ƙi cin abinci. Yau tana jin takun yaron tun daga nesa ta ce ga mai wasiƙa nan ya dawo.

Na cire hula, na durƙusa da ƙyar, na gaishe ta gaisuwar da ban yi ba shekara tara. Kwana, gajiya, gida, jiki, ban rage komai ba. Ta amsa duk, yadda ake amsa wa baƙo. Sannan na ce, "Iya, ni ne mai wasiƙar. Ni na sha ruwanki. Godiya na zo yi."

"A'a, bawan Allah," in ji ta. "Na ji zuwanka, jan ƙafa kake. Shi kuma ba ya magana. Ga shi nan yana sha." Ta juya wajen Iliyasu. "Ka daɗe ba ka biyo ba. Lafiya dai ko?"

Yaron ya dube ni. Ni ba mai iya lallashi ba ne, kuma ban ga amfanin musu da makauniya ba. Muryata ba ta taɓa ji ba, da me za ta gane ni? Na matso kunnensa na gaya masa abin da zai ce.

"Lafiya lau, Iya. Na gode da ruwa. Na gode ƙwarai."

Ta yi murmushi, bakin ba haƙori. "Yau ka yi magana. To maza, kada rana ta yi maka."

Na yi masa alama ya kife ƙwaryar, ya kife. Ya miƙa hanyar Hunkuyi a guje, takalmi na lilo a wuyansa. Ta karkata kai tana saurare har takun ya ɓace, ni ma ina saurare.

Na miƙa wa Adama atamfar da goron, ta yi ta sa albarka. Ta kawo mini ruwa a moɗa, irin na baƙi, na sha.

Iliyasu na jirana a bayan kwana, ƙarƙashin wata ɗorawa. Ya ba ni kafaɗa na dafa, muka zaga ta bayan gidan don kada tsohuwar ta ji. Da muka yi nisa na saki kafaɗar, na gwada gudu. Taku talatin kawai nake so, daga bakin fadama zuwa tsamiya, ta ji ta ce ga shi nan. Na yi shida, gwiwar ta ƙi.