Barewar da Arvo Bai Buge Ba

"Ajiye wayar nan, Marlys," in ji Duane. "Ba wanda za a kira tukuna."

Ina tsaye a kicin ɗin mahaifinsa, wayar a hannuna. Tsohon, maƙwabcina Arvo Lahti, yana zaune ya dafe haƙarƙarinsa na hagu, ko rigar sanyi bai cire ba. Dusar ƙanƙarar da ke kafaɗarsa tana narkewa tana ɗiga a ƙasa. Da safen nan motarsa ta zame a kwanar da ke gangarawa tafki, ta daki bishiya. Shi kaɗai ne a hanyar. Mai janwe ya jawo motar har gida ya sauke shi, ni kuma na hango su ta taga na tsallako.

"Sitiyari ne fa ya buge shi," na ce. "Dubi fuskarsa mana."

"Na gani. Baba, gaya mata lafiyarka lau."

"Lafiyata lau," in ji Arvo, da muryar da ba tasa ba.

Duane ya jawo kujera ya zauna gaban uban, ya shiga yi masa bayani kamar mai koya wa yaro karatu. Motar tsohon da motocin Duane biyu na share ƙanƙara duk inshorarsu ɗaya. In aka ce santsi ne, kamfani zai ɗora wa direba laifi tunda ba wanda ya buge shi, kuɗin inshorar da ake biya duk wata ya hau a kan motocin duka, kuma ba zai sauko nan kusa ba. In kuwa barewa ce ta faɗo titi, wannan tsautsayi ne, za su biya gyara ba ƙarin komai.

"Ba wata barewa," in ji Arvo. "Ni na taka birki inda bai kamata ba."

"To je ka gaya wa likita haka, ya rubuta. Gobe su ce tsoho ya daina ganin hanya, su karɓe lasisinka. Sai mu ga wa zai riƙa kai ka kamun kifi."

Nan ya same shi. Tun rasuwar matarsa, abin da ya rage wa Arvo shi ne ya tuƙa zuwa tafki, ya huda ƙanƙarar da ta rufe ruwan, ya zauna kan bokiti da ƙugiya har la'asar. Rabin kifin a ƙofata yake ajiyewa, ba ya ko ƙwanƙwasawa.

"Ba cewa na yi kar ka je asibiti ba," Duane ya sassauta murya. "Bari dai in kimtsa motar, a ɗauki hoto, bakinmu ya zama ɗaya. Jibi da kaina zan kai ka."

"Jibi?" na ce. "Kai Duane, ni na zuba maka abinci a makaranta kana majina. Ubanka ne fa wannan."

"Shi ya sa ma maganar ba taki ba ce."

Arvo ya ɗago hannu. "Bar shi, Marlys. Buguwa ce kawai. Ɗora mana kofi."

Na ɗora.

Da rana na dawo da miyar kifi da dankali, na tarar da gareji a buɗe. Duane ya durƙusa gaban motar, kusa da shi fatar barewar da ya harbo lokacin farauta. Yana tsige gashin yana cusawa a fasasshiyar fitila, a natse, kamar mai dashen albasa. A gefe ga ƙullin nama ya ciro daga firiza ya jiƙa a ruwan zafi. Da ya saki, sai ya matse jinin a kan bamba, ya shafa da yatsa, ya ja baya ya karkata kai yana dubawa.

"Ya yi?" ya tambaye ni.

Ƙarnin ya cika garejin. Sai da na riƙe numfashi na wuce.

Arvo cokali biyu ya sha ya ture kwanon. Ya ce kafaɗarsa ce ke ciwo, wai abin mamaki, ita da ba ta bugu ba. Na ce in kai shi a motata, ba sai Duane ya sani ba.

"In na je tambayata za su yi," ya ce. "Ni kuma ban iya ƙaryar nan ba tukuna. Ya ce in ce daga dama ta fito. Ko daga hagu ya ce?"

Ya yi dariya, dariyar ta tsaya masa a ciki, ya runtse ido.

Washegari da hantsi na same shi kwance a doguwar kujera, fuska fari fat, gumi a goshi alhali ɗakin da sanyi. Ban tambayi kowa ba, na kira motar asibiti. Suna ɗora shi, ma'aikaciyar ta sunkuyo ta ce, "Baba, me ya same ka?"

Ya dube ni, ya dubi rufin motar. "Santsi," ya ce.

Bai kai yamma ba. Likita ta ce saifarsa ce ta tsage, jini yana ta zuba a ciki a hankali tun jiya. Ta tambaya me ya hana a kawo shi da wuri. Duane ya ce, "Kin san tsofaffi da taurin kai." Har da share ido.

Bayan jana'iza aka sauka zauren coci cin abinci. Ina raba burodi ina jin Duane a teburin maza.

"Ƙatuwa, ina gaya muku! Daga dama ta yanko. Baba ya yi ƙoƙari ya kauce, ina!"

Kafin a kai ga cin kek, barewar ta zama namiji mai ƙaho. Mazan suna girgiza kai, kowa na kawo labarin tasa barewar. Mai janwen ma yana wurin, abokin Duane ne tun yarinta, bai ɗago daga farantinsa ba.

Da mutumin inshora ya zo duba motar, na fita na tare shi a bakin titi. Saurayi ne mai tsabta, yana ta buga ƙafa don sanyi. Na gaya masa komai, fatar, naman, abin da Arvo ya ce a motar asibiti. Ya saurare ni da ladabi.

"Allah sarki," ya ce. "Mama, kin ga haɗarin da idonki?"

"Na ga jinin da aka shafa da idona."

"Motar tsohuwa ce, ba ta kai a tsaya bincike a kanta ba. Mai ita kuma ya rasu. Biyan ya fi mana sauƙi." Ya miƙo min biro mai sunan kamfaninsu. "Ke da wa kike inshora?"

Na bar shi da bironsa a hannu.

Ranar Asabar Duane ya zo kwashe kayan gidan, zai sa shi a kasuwa. Ina share ƙanƙara a ƙofata ya ɗago min hannu, fuska a sake.

"Marlys, ba fushi, ko? Komai ya wuce lafiya. Kin san abin dariya? Da suka cire Baba daga inshorar, har ragi suka yi min. Wai direba mai shekaru irin nasa shi ke ja min tsada."

Na ci gaba da tura shebur har ya gaji da jira ya shige.

Da la'asar ya tafi. Abin da bai ga zai sayu ba ya jibge a bakin titi don motar shara: katifa, tukwane, kwalin tsofaffin jaridu. A gefen tulin ya ajiye takalman sanyin Arvo, a jere, bakinsu a sama. Dusar ƙanƙara ta fara sauka a hankali. Na tsaya a taga ina kallo tana cika su.