Inda Abdussamadu Ya Kai Tsagena

Laure ce tak kawo mani labarin. Ita ke kai bandar kifi Birnin Kebbi ran kasuwa, kuma ba ta iya riƙe magana. Kwana biyu bayan bikin samun 'yancin kai taz zo ƙofar ɗakina, ko kwandonta ba ta aje ba.

"Sadatu, na ga wata tsohuwa maƙale ga bangon makarantar jikanki. Hancinki, bakinki, har wagga hararar taki. Amma kumatunta sumul, kamar gindin ƙwarya. Mutane na ta cewa Bahillata ce."

Nic ce, "Wa yay yi ta?"

"Sun ce Abdussamadu. Har kyauta anka ba shi."

Sai da nid dafa ƙasa. Ni Bakaba ce, jinin Kabawa, ɗiyar masunta, haihuwar Argungu. Ina jinjira wanzami yat tsaga mani kumatu daga gefen baki har kunne, irin na uwata da na uwar uwata. Ko cikin duhun kasuwa Bakabe ya gan ni ya san tashi ce. Shi ne za a rataye ni tsirara, kuma a rasa inda za a rataye ni sai Birnin Kebbi, garin da Hillani sunka ƙwace wa kakanninmu?

Abdussamadu ɗan ɗiyata ne da tar rasu, ni nir raine shi. Tun yana rarrafe yake ɓata mani bango da gawayi. Da hutun damina yaz zaunar da ni bisa turmi, wai malaminsu ya ce kowa ya zano mutum kamar zai yi magana. Nit tsare wuya har yar riƙe. Da nic ce in gani sai yar rufe takardar, wai bai ƙare ba. Ashe!

Na tabbata ba aikinshi ba ne. Wani yas sa shi. Da safe nis shiga lori, ko kalaci ban yi ba.

Makarantar duk tutoci, kore da fari. Nit tar da wani dogon mutum da alli ga hannu, anka ce shi ne Malam Irimiya mai koyar da zane, mutumen kudancin Zariya.

Nic ce, "Kai ne kas sa anka kankare mani huska?"

Yad durƙusa yag gaishe ni, yac ce, "Inna, wace huska?"

"Wagga da kake kallo!"

Yad dube ni, yaj juya yad dubi bango, yas sake dubana. Allin yas suɓuce mishi. Ni ma sai nij juya.

La'ilaha illallahu. Ga ni nan. Fatar idona da tas sauka, haƙorina da yak karye, har yadda nake taune leɓe in raina ya ɓaci. Da fensir kawai, babu ko launi. Na ɗauka za ta buɗe baki ta zage ni. Amma kumatun nan fili fetal. Tun da nake duniya ban taɓa ganin kaina haka ba. Tsigar jikina tat tashi, kamar na ga gawata an wanke.

Malam yac ce, "Inna, Allah ya sani ban taɓa ganinki ba sai yau. Yadda yak kawo shi ke nan." Yas sa anka kirawo yaron.

Yaz zo yana murmushi. "A'a, amaryata, ke ce da kanki? Wa kika bar wa gida?"

"Amaryar uwaka. Ina tsagena?"

Murmushin yat tahi.

"Kunyata kake ji cikin mutanen birni? Faɗa mani wa yas sa ka, in je in same shi."

"Kaka, ba wanda yas sa ni. Ban iya ba ne." Yana magana yana kallon ƙasa. "Na yi ta gwadawa ga wasu takardu. Da na ja layukan sai huskar ta mutu, ki koma kamar wadda kyanwa tay yaƙusa. Wanga ne kaɗai yay yi rai, sai nij ji tsoron taɓa shi."

Malam yac ce, "Kuma kab bar ni niy yabe ka gaban jama'a?" Yaj juyo gare ni. "Inna, wanga hoto shi za mu aika Zariya, makarantar manyan masu zane. In sun yaba, su ɗauke shi."

"Su ɗauke shi da huskar wa? Sauko da shi. A maida mani abina, yanzu."

Malam yac ce in bari a yi shawara. Nic ce ban shiga lori don shawara ba. Niz zauna bisa bencin yara, nim miƙa kunci.

Anka sauko da hoton, Abdussamadu yaj ja layi na farko, baƙi ƙirin. Yaj ja na biyu. Gaskiyar yaron ce: ina kallo matar nan tam mutu. Yag goge, yas sake ja, yag goge, takardar tay yi laushi, sai ji munka yi ƙyat, ta huje daidai kunci. 'Yan ajin sunka ɗauke numfashi. Abdussamadu yat tsaya da fensir ga hannu, hawaye na zuba. Zariya ba ta samu komai ba a shekarar nan.

Mutane sun ce na yi mugunta. Su faɗa. Abin da nic ce wa yaron kawai shi ne, "Turmin na nan."

Da anka yi hutu yad dawo gida bai kula ni. Sai wata safiya nig gan shi ya jawo turmin da kanshi. Kullum in zauna, kullum ya ɓata takarda, har na fara hura wuta da su. Rannan rana ta dame ni, nij ja turmin bakin ƙofa, hasken na bugo ni ta gefe guda. Sai yat tsaida fensir. Yam matso har ina jin numfashinshi, yas sa yatsa ga kuncina.

"Kaka, ashe ba baƙaƙe ba ne. Kowane ɗan kwari ne, gefe guda haske, gefe guda inuwa."

"Yau kas sani? Kumatun da kaj ja tun kana goye?"

"Kada ki motsa. Don Allah kada ki motsa!"

Da yag gama ban yarda da idona ba, sai nis sa anka kirawo Laure. Tar riƙe takardar nesa da ita, tad daɗe tana kallo.

"Sadatu ce," in ji ta. "Har da masifar."

Nic ce wa yaron ya naɗe shi ya kai wa Malam Irimiya, a aika Zariya. Amma kafin nan a rataye shi ga ƙusar da anka rataye wancan, ya yi ranar kasuwa guda a wurin.