Simintin Bayan Shagon Hajiya Raliatou

Shagon Hajiya Raliatou yana Rillieux-la-Pape, arewa da Lyon. Gero, manja da busasshen kifi take sayarwa, yayanta Alhaji Badaru ne ke turo mata kayan daga Château Rouge a Paris. Bayan shagon akwai fili mai faɗi da mijinta, marigayi Abdourahamane, ya malale da siminti da hannunsa shekarar da suka sayi wurin.

Sai dai siminti ba ya shan ruwa. Da an tsuge da ruwan sama, ruwan rufi da na filin sai su kwarara cikin lambatun titi. In lambatu ya cika, ruwan ya dawo da baya, ya shiga shagonta, ya gangara gidan burodin maƙwabciyarta Safa. Bara kaɗai buhunan gero da yawa ta zubar.

Wata safiya wata matashiya mai suna Yasmine ta zo daga hukumar gari, ta zaga filin, ta yi mata bayani a hankali. Mai shagon da ke tura ruwan samansa cikin magudanar gari yana biyan kuɗin magudana gwargwadon faɗin simintinsa. Wanda kuwa ya fasa, ya bar ƙasa ta sha ruwan, za a rage masa, a kuma taimaka masa da aikin.

"In fasa?" in ji Raliatou. "'Yata, wanda ya zuba shi yana kabari. Gara in yi ta biya."

Yasmine ba ta ja da ita ba. Ta yi mata ta'aziyya, ta ce ƙofarta a buɗe take.

Da Raliatou ta kira Paris ta ba da labari, Badaru ya ce, "Bari sai na zo." Ran Asabar ya hau jirgin ƙasa ya iso. Ya daɗe tsaye a filin, hannu a baya.

"Raliya, kin san ni da mijinki ɗaki ɗaya muka yi a Paris kafin aurenku?"

"Na sani, Yaya."

"Abin da ba ki sani ba, duk gwangwanin tumatir da muka cinye, sai ya cika shi da ƙasa ya shuka yakuwa a bakin taga. Har faɗa muka yi, don babu inda zan shanya wando. Ɗan mai lambu ne fa daga Mirriya. Simintin nan don babbar motar kaya ya zuba shi, ba don yana ƙaunarsa ba."

Raliatou ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Badaru ya bar ta ta yi mai isarta.

Litinin ta je wurin Yasmine. Yarinyar ta zauna da ita, ta bi mata sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ta nemo mata ma'aikata masu sauƙi. Ranar da aka fara fasawa Raliatou ta kasa kallo, ta shige shago tana jan carbi, injin fasa simintin yana girgiza kwanukan manja. Can sai wani ƙamshi ya shigo mata, na ƙasar da aka tone, irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya a Damagaram. Ta leƙa. Ƙasar baƙa ce wuluk, har da tana.

Aka bar wa mota hanyarta, aka haƙa rami mara zurfi a gefe aka cika shi da tsakuwa, aka karkato bututun rufi ya zuba ciki. Sauran wurin ta shuka yakuwa da alayyahu.

A tsakiyar lokacin zafi, wani yammaci, hadari ya haɗo. Raliatou da Safa suka fito da bokitai da tsummoki kamar kullum, suka tsaya bakin ƙofa. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ramin ya cika, ya tsaya, ya fara sauka a hankali. Ko ɗigo bai haye dokin ƙofa ba. Safa ta ruga ta duba buhunan fulawarta, ta dawo jiƙe sharkaf ta rungume Raliatou, tana godiya da Faransanci da Larabci a haɗe.

Ran Juma'a Raliatou ta dafa tuwo da miyar yakuwa, ta kira ma'aikatan da Yasmine, Safa ta kawo burodi mai zafi. Raliatou ta riƙe hannun Yasmine ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Da kin matsa mini ranar farko, da har yau ina kwasar ruwa."

Ana cikin ci, bakaniken da ke ƙarshen layi ya leƙo ta katanga. Ya ce shi ma filinsa duk siminti ne, amma tsoron shiga ofis yake.

"Zo ka ci tuwo tukuna," in ji Raliatou. "Litinin ni zan raka ka."